Ƙusar Injin Ta Ƙi Fita: Wuta Ko Mai Walda?

Tambaya: Ina da babur Boxer. Ɗaya daga cikin ƙusoshi masu tiredi da ke riƙe silinda a jikin injin ta ci tsatsa, ta ƙi motsi. In sayi ƙaramin abin hura wutar gas in gasa ta da kaina, ko in kai wa mai walda? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, zafi yana aiki, amma ramin ake gasawa, ba ƙusar ba. Jikin injin na alminiyum ne, ƙusar kuwa baƙin ƙarfe, kuma idan sun ji zafi alminiyum yana buɗewa kusan ninki biyu. Sai ramin ya saki, tsatsar ta tsage.

Haɗarin shi ne alminiyum ba ya yin ja kafin ya narke. A wajen digiri 660 zai zube kawai, babu gargaɗi. Wutar mai waldan kabaid kuwa ta haura digiri 3,000. In yaron shago ne ya riƙe ta yana hira, sai dai ka nemi wani injin. Shi ya sa na fi son ƙaramin abin gas ɗin: zafinsa ya isa, ko da an sa jan gam na Loctite, wanda ke saki a wajen digiri 250.

Ka fara cire tanki da kafireto, ka goge baƙin mai, ka kuma yi nesa da robobi da wayoyi. Ka fesa wa ƙusar WD-40, man feshi mai sassauta tsatsa, tun da dare, da safe ka share shi kafin ka kunna wuta, domin yana kamawa. Ɗaura noti biyu a kan ƙusar, ka matse su da juna. Ka riƙa zagaya ramin da harshen wutar, kar ka tsaya wuri guda. Ɗiga ruwa a gefe. In ya yi tsalle ya ɓace nan take, ya isa. Ka ɗan buga kan ƙusar da guduma, sannan ka sa sifana a notin ƙasa: kwance kaɗan, ɗaure kaɗan. In ta yi ƙara ta cije, dakata ka sake gasawa. Ƙarfin tsiya ne ke karya ta.

In ta riga ta karye, kar ka ɓata kuɗinka wajen sayen abin gas ɗin. Kai wa mai waldan lantarki ya liƙa noti a kan guntun, amma a cire batir tukuna.