Tambaya da Amsa: Ƙanƙara a Bokiti, Dabara ce ko Maguɗi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka taɓo zancen gasar ƙure gudun firosesa, abin da masu harkar ke ce wa obakilokin, saƙonni suke ta zuba kamar ruwan Agusta, kuma kusan duk a kan abu biyu ne, sanyayawa da coge. Ga wanda bai san dawan garin ba: kamfani ya sayar maka da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ce iya gudunta kaza, kai kuma ka shiga saitin bod, babban allon da take zaune a kai, ka ƙara mata wuta da gudu har sai ta kusa cewa wayyo, ka kunna manhajar awo irin su SuperPi ko Cinebench ko 3DMark, makin da ta kawo ka tura a jera ka da sauran mutanen duniya. Na zaɓo guda huɗu.

TAMBAYA: Salam Malam Injiniya, ni ɗalibi ne a Sakkwato, ina da kwamfutar tebur da na haɗa wa sanyayawar ruwa, lagireto da fanka uku. Matsalata a watan Afrilu ɗakina kansa yana haura digiri 40, shi ne na sayo ƙanƙara ta bulo na zuba a bokiti na tsoma lagireton ciki, wallahi makina ya tashi sosai, na tura a rukunin masu ruwa, sai abokina yace wai maguɗi na yi. To ai ƙanƙara ma ruwa ce, kuma mutumin Finland da yake ajiye nasa lagireton a bakin taga lokacin dusar ƙanƙara shi ba a ce komai ba sai ni?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokinka ya fi ka gaskiya, amma ƙorafinka ma ba na banza ba ne, bari mu bi a hankali.

Shafin da ya fi shahara wajen ajiye waɗannan sakamako shi ne HWBOT, kuma yadda suka daɗe suna raba mutane ba wai sunan abin da ke cikin tiyo suke dubawa ba, a'a, tambayar ita ce shin sanyinka ya sauka ƙasa da na iskar ɗakin da kake ko bai sauka ba. Fanka da ruwa zalla duk tsadarsu ba sa ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi kawai suke su miƙa wa iskar ɗaki, don haka in ɗakinka 40 ne ruwanka ba zai taɓa zama 39 ba, ko lagireto goma ka jera. Wannan shi ne ajin farko. Da zarar ka sa ƙanƙara ko injin sanyaya ruwa ko kwamfuresa irin ta firij ko busasshiyar ƙanƙara wadda sanyinta ya kai wajen 78 ƙasa da sifili, to ka bar wannan aji ka hau na gaba. Sama da su akwai masu ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifili, sannan can ƙololuwa akwai waɗanda kamfanoni ke ba kaya. Saboda haka bokitinka halas ne, babu wanda ya hana, kuskuren shi ne inda ka rubuta sunanka. Kamar mai gemu ne ya shiga ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17, ƙwallon dai ita ce ƙwallon, amma kowa ya san abin da ya faru.

Dalilin da yasa suke tsananta wannan kuwa shi ne sanyi ba ƙaramin doki ba ne a harkar nan. In kana son ƙarin gudu dole ka ƙara ƙarfin wuta, shi kuma zafin da firosesa ke fitarwa ba ɗaya bayan ɗaya yake bin ƙarfin wutar ba, ninkawa yake, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari zafi ya ƙaru da sama da kashi 20 tun kafin a yi lissafin gudun. Firosesan Intel irin su Core i9-13900K suna fara ja da baya da kansu a digiri 100, Ryzen 7000 a 95. Wanda ya fara daga ruwa mai digiri 5 da wanda ya fara daga 40 kaga ba tsere ɗaya suke ba, ɗaya a kan babur yake ɗaya a ƙafa.

Yanzu maganar ɗan Finland. Gaskiya nan kam akwai rashin adalci, kuma tsohuwar rigima ce tsakanin masu harkar, don shi zai ce maka iskar garinsu ce bai saya ba bai ƙera ba, ya buɗe taga kawai. Maganin da masu shirya gasa da yawa suka samo shi ne su sa iyaka ta ƙasa, misali a ce dole hotonka ya nuna firosesa ba ta sauka ƙasa da digiri 20 ba, kaga tagarsa ta tashi a banza kenan, in ya buɗe ma shi zai cuci kansa. Irin waɗannan gasannin za ka riƙa nema. Sannan kai ma fa kana da taka tagar, hunturu. Disamba zuwa Janairu bayan sallar asuba Sakkwato tana sauka ƙasa da 20, 'yan Jos ma ba a magana, ka dai kakkaɓe ƙurar lagireto tukuna don ƙurar hunturu tana toshe shi kamar an liƙa bargo. Ɗaki mai esi a ganina ba laifi, ɗakin ne gaba ɗaya ya yi sanyi har da kai, amma ka ɗaura kwali daga bakin esi kai tsaye zuwa lagireto, wannan kam ni dai ba zan kira shi ruwa zalla ba, sai ka karanta dokar gasar ko ka tambayi alƙalanta kafin ka tura.

Abu ɗaya da ya cece ka ba ka sani ba: Afrilu iskarku a bushe take. Ka gwada wannan bokitin da damina ka ga yadda tiyo da ƙarfen kan firosesa za su yi zufa kamar kwalbar lemo da aka ciro daga firiza, ɗigo ɗaya a kan bod shikenan an yi sallama. Ka koma ka gyara sakamakon ka rubuta ruwa mai ƙanƙara, ba abin kunya ba ne.

TAMBAYA: Oga barka da aiki, ni mai gyaran kwamfuta ne a Kano. Abin da ban gane ba, mutum yana ɗakinsa shi kaɗai, wa zai san ƙanƙara ya sa ko bai sa ba? Kuma ai ko ni zan iya gyara lamba a hoto cikin minti biyu.

AMSA: Maigida ka taɓo inda ke ciwo. Ba za a iya kama kowa ba, amma ba sauƙi kamar yadda kake zato. Da farko ana neman hoton fuskar kwamfuta cikakke, makin yana gefe, tagogin CPU-Z, manhajar da ke fallasa kayan cikin kwamfuta, a buɗe suna nuna firosesa da ram da gudunsu, gasa da yawa kuma suna neman hoton na'urar kanta a ga abin da ke kanta, wani lokaci har da hoton bango na musamman da suka bayar don kada ka ɗauko tsohon sakamako. Bayan haka akwai fayil ɗin tabbatarwa da manhajar ke fitarwa da kanta wanda in ka taɓa lamba ɗaya ba zai karɓu ba. Amma babban ɗan sandan shi ne sauran 'yan gasar, mutanen da suka yi shekaru suna kallon lambobin nan, sun san firosesa kaza a gudu kaza da ram kaza makin da take bayarwa, in naka ya wuce hankali za su kai ƙara a cire. Haka in ka ce fanka ce amma ƙarfin wutar da ka nuna fanka ba za ta iya riƙe shi ko na daƙiƙa goma ba. Wani lokacin ma ana zargin mai gaskiya, don na'urar awon zafi ta wasu firosesa, musamman tsofaffin AMD FX, in ba aiki suke ba sai su nuna sanyin da ya fi na ɗakin, abin da ba zai yiwu ba, shi yasa alƙali mai hankali baya yanke hukunci da lamba ɗaya.

Cogen da ya fi ba ni mamaki ma ba na hoto ba ne, na agogo ne. A watan Agustan 2013 HWBOT ta daina karɓar sakamakon Windows 8 saboda an gano in ka canza gudun tushe na bod kana cikin Windows, agogon kwamfutar ma sai ya canza gudu. Ka rage da kashi 6 cikin ɗari, a minti biyar agogo ya yi asarar daƙiƙa 18, ita kuma manhajar awo da wannan agogon take auna ka, sai ta ga kamar ka gama da wuri. Tamkar ɗan tsere ne ya riƙe hannun agogon alƙali. Daga baya aka samu manhajar BenchMate wadda ke sa ido a kan agogon da kanta, ta kuma ɗauki zafi da gudu lokacin da ake awon, ita ce yanzu ake nema a yawancin awon firosesa a kan sababbin Windows.

TAMBAYA: Malam ni da yayana kwamfuta ɗaya gare mu a gida nan Kaduna, shi ya sayi bod da firosesa ni na sayi katin hoto, in kowa ya buɗe nasa asusun ya tura sakamako akwai matsala? Kuma ni sai nake ganin gasar ta masu kuɗi ce kawai.

AMSA: 'Yar'uwa akwai matsala in kuka tura awo iri ɗaya da kaya ɗaya. Dokar ita ce firosesa guda ba za ta ci wa mutum biyu maki a awon firosesa ɗaya ba, haka katin hoto a nasa awon. Dalili, ko a kwali ɗaya aka sayo firosesa goma ba gudunsu ɗaya ba, wata tun daga masana'anta ta fito da sa'a, to in aka bari sai mai irin wannan ya riƙa zagayawa da ita gida-gida 'yan ƙungiyarsu kowa ya ɗana su cinye saman jeri. An taɓa yin wannan badaƙalar a 2010 a gasar Lords of Overclocking, aka gano sakamakon mutane daban-daban daga na'ura ɗaya ya fito, sanannun mutane ne kuma, aka kore su aka dakatar da su. Ku raba kawai, yaya ya riƙe awon firosesa ke ki riƙe na katinki.

Batun kuɗi kuwa ba ki yi ƙarya ba. Manyan suna gwada firosesa masu yawa su zaɓi ɗaya su sayar da sauran, wasu kamfani ke ba su samfurin da bai shiga kasuwa ba, shi yasa aka ware musu ajinsu kuma ba a yarda irin wannan samfur ya yi gogayya da kayan kanti a ƙananan aji ba. A gasannin ido da ido kamar wadda kamfanin ƙera ram na G.Skill ke shiryawa lokacin baje kolin Computex a Taife ana zama ne a gaban jama'a da alƙalai da ƙayyadadden lokaci, babu damar ɓoye bokiti a ƙarƙashin tebur. Amma abin da zai miki daɗi, ana jera mutane ne har ta nau'in kaya, mai tsohuwar Core 2 Duo da masu Core 2 Duo zai kara, kuma irin waɗannan tsofaffin kayan na zube a kasuwa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, in ta ƙone ma ba kuka.

TAMBAYA: Da gaske ne an kai 9 GHz? In na samu naitirojin zan iya buga gem da wannan gudun?

AMSA: Da gaske ne, amma gem kam a'a. A Disambar 2022 ne wani ɗan Suwidin da ake kira Elmor tare da tawagar ASUS suka haura gudun 9 GHz, wato 9000 MHz, da firosesa Core i9-13900K, bayan AMD FX ta riƙe kambun kusan shekara goma, a Maris 2024 kuma ya kai 9117 MHz da 14900KS. Ba ma naitirojin ba ne ya kai su, ruwan hiliyom ne mai 269 ƙasa da sifili, kuma abin da ake buƙata kawai kwamfutar ta rayu daidai lokacin da CPU-Z zai ajiye shaida, ko ta mutu bayan nan ba ruwan kowa. Shi naitirojin a wata tukunyar jan ƙarfe ake zuba shi a kan firosesa daga fulas, yana tafasa yana ƙarewa kana ƙarawa, an shafe bod da basilin an lulluɓe da tawul ɗin takarda saboda raɓa, wasu firosesa ma in sanyi ya yi yawa sai su ƙi tashi sai an hura wa tukunyar wuta ta ɗan ɗumama. In har ka samu, kar ka kuskura ka rufe shi ruf a fulas, lita ɗaya tana zama iska kusan lita 700, zai fashe, kar kuma ka yi aikin a ɗaki rufe don yana korar iskar shaƙa ba wari ba launi sai dai mutum ya faɗi kawai. Ka fara da fanka tukuna ƙanina, ka turo mana makin mu gani.