Me ya sa ƙwararrun yarana ke barin shago?

Alhaji, ka ce kana biyan yaranka da kyau, amma ƙwararrun cikinsu ba sa zama. Ba kuɗi kaɗai ke riƙe mutum ba. A Kantin Kwari ta Kano, yaro kan yi shekaru yana hidima saboda ya san wata rana za a sallame shi da jari. Kai me ka yi wa naka alkawari?

Sannan duba wa ka ba makulli. Na taɓa zama wani shago inda ɗan ƙanwar maigida ke ɗibar kuɗin ciniki a idon kowa, ba mai cewa uffan. Yaron da ya san farashin kowace atamfa da shadda ya gaji ya tafi, kwastomomi suka bi shi.