Abin da Tsofaffin Dodanni Za Su Koya Maka

Ɗana, jiya ka tambaye ni me mai kwalliyar fim zai tsinta a tsofaffin finafinan dodanni marasa launi, alhali yanzu kwamfuta na ƙera dodo. Zauna ka ji.

Fim ɗin Frankenstein na 1931 da na ba ka, Jack Pierce ne ya yi wa dodon kwalliya, a kamfanin Universal na Amurka. Kullum sai ya shafe wajen awa huɗu a kan fuskar Boris Karloff, jarumin da ya fito a dodon, kafin a kunna kyamara. Goshin nan mai tudu da kan nan shafaffe, da auduga ya gina su, yana shimfiɗawa yana bi da wani ruwan danƙo da ake kira kolodiyon, hawa-hawa. In an tashi aiki a ɓamɓare, washegari a sake daga farko.

Sai dai inda nake so ka zuba ido shi ne daga gira zuwa haɓa. Nan kusan bai rufe komai ba, ya bar wa mutumin fuskarsa. Karloff ya cire haƙoran robarsa na gefe ɗaya, kuncin ya loɓa. Aka ɗora kaki a fatar idonsa, idon ya yi nauyi kamar na wanda bai gama dawowa daga lahira ba. Shi ya sa a wurin da dodon ke miƙa hannu ga hasken da ya shigo ta rufin ɗaki, tsoro da tausayi ke kama ka lokaci guda. Na kalli wurin nan ya fi a ƙirga, har yau tsigar jikina na tashi. In ka lafta wa jarumi roba ka toshe masa fuska, da me zai yi wasan?

Launin ma, kore-kore mai toka-toka Pierce ya shafa masa, domin a fim ɗin baƙi da fari shi ke fitowa fari fat kamar gawa. Kyamara yake wa kwalliya. Kai kuwa ka gama fuska, ka dube ta a madubi, ka ce ta yi.

Sai Nosferatu na Jamus, 1922, wanda ko magana babu. Dogayen farata, kunnuwa masu tsini, kai ƙwal. Abin da mutane ba sa mantawa kuma inuwar dodon ce tana hawa matakala. Rabin aikinmu yana hannun mai fitila, don haka ka daina gama kwalliya ba ka tambaye shi ta ina haske zai zo ba.

Abin da ke damuna a lokeshan ɗinmu nan Kano, da an ce aljani sai a kwaso gawayi da farar hoda da jan ruwa a yaɓa, yara su yi ta dariya a gaban talabijin.

Gobe ka zo da auduga da danƙon gemu. Za mu rufe taga mu kunna fitila ɗaya, ka gina mini gira kaɗai, sannan mu duba ta a kyamara.