Injin espresso a gida: kafin ka jona shi, juya shi ka karanta gindinsa

Tambaya daga Gusau: Malam barka da aiki. Na san waya da kwamfuta ne fanninka amma tunda wannan ma na'ura ce bari in gwada. Yayana ya aiko min injin espresso daga Amurka, sabo a kwali, zan iya jona shi a ƙaramin janareta na? Kuma wace irin gahawa ake zuba mishi, don na ga Nescafé ce ta cika shaguna.

Amsa: Barka kadai ɗan uwa, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka jona, don da yawa sai hayaƙi ya tashi suke turo saƙo. Juya injin ka duba ƴar takardar da aka liƙa a gindinsa. Kayan Amurka akasari 120V 60Hz ne, mu kuma tamu wutar 230V 50Hz ce, in ka samo adafta ka cusa shi a soket kai tsaye wallahi ko minti ɗaya ba lallai ya yi ba hitar ciki za ta ƙone. In ka ga 220-240V to ka huta, irin waɗanda ake sayowa Dubai ko Ingila haka suke, har filoginsu mai ƙafa uku irin namu ne. In 120V ne kuwa sai ka nemi taransifoma mai sauke wuta, babba, wat 2000 zuwa sama, ba ƴan ƙananan nan na cajin aski ba.

Maganar janareta kuma, a'a. Injinan gida suna jan wat 1000 zuwa 1500 lokacin da suke ɗumama ruwa, kamar dutsen guga ke nan ko ma fiye, shi kuwa ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai bai kai wat 1000 ba. Masu sola ma su kula, inbata mai 1kVA za ta yi ta ƙara ta ɗauke, kuma wat 1300 daga batirin 12V ya haura amp 100, ka ga an takura batiri kenan. Nemi 2.5kVA ko sama, ka haɗa gahawarka da hantsi lokacin da rana ke dukan fanel.

Yanzu ga inda aikin yake. Nescafé an riga an dafa ta an busar, narkewa take a ruwan zafi, babu abin da injin zai tatsa a ciki sai dai ta toshe maka matata. Espresso ruwa ne mai zafin digiri 90 zuwa 96 ake tura shi da matsi kusan bar 9 ta cikin garin gahawa da aka danne, shi ya sa take fitowa ƴar kaɗan mai kauri da kumfa ja-ja a kai. In ka ga an rubuta bar 15 ko 20 a kwali kar ya ruɗe ka, ƙarfin famfon ne suke talla, 9 ɗin ake buƙata. Tun 1884 wani Angelo Moriondo ya yi rajistar irin injin a Turin ta Italiya, amma kumfar nan da ake yayi sai da injin Gaggia mai hannu ya zo a shekarun 1940.

Ni a ganina wanda ya sayi inji bai sayi abin niƙa ba rabin kaya ya saya. Gahawa da zarar an niƙa ta ƙamshin ya fara gudu, balle a zafin nan namu na Maris da Afrilu. Sayi ƙwayoyi, ka samu abin niƙa irin mai haƙora biyu da ake saita laushinsa, na hannu ma ya wadatar kuma ba ya neman wuta. Bilenda ba ta yi, wani ya zama gari wani tsaki. Kuma don Allah kar a ba yaro ya kai injin unguwa, ni na taɓa yi, sati guda ina shan gahawa mai ƙamshin citta da barkono, uwargida na ta dariya.

Ma'aunin farawa: giram 18 na gari a babbar matatar, ka danne shi daidai kar ya karkata, ka tsayar in giram 36 ya sauka a finjali, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Wasu ƙananan injina matatarsu giram 14 zuwa 16 take ɗauka, to ninki biyu dai za ka tatsa. Sikeli irin na masu awon zinari ya isa, ai a Zamfara ba sai na yi bayaninsa ba, sabo dai za ka saya kar ka ari wanda ya sha ƙurar ma'adinai. In ta zubo shaa cikin daƙiƙa 10 ka ji tsami kamar tsamiya, garin bai yi laushi ba, ƙara niƙa. In tana ɗiga da ƙyar ga ɗaci kamar maɗaci, ya yi laushi da yawa. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, finjali huɗu biyar na farko ka ɗauka kuɗin makaranta ne.

Ƙwayar kuma iri biyu ce ta cika kasuwa. Arabika ta fi ƙamshi da laushin ɗanɗano, asalinta Habasha, kuma ana nomanta a tsaunin Mambila ta Taraba. Robusta ta fi ɗaci da kumfa, sinadarin hana barcinta ya kusa ninka na arabika, Biyetnam ce kan gaba wajen nomanta. Mai farawa ya nemi matsakaiciyar suya ko mai ɗan duhu, irin ta Barazil, ta fi sauƙin saiti kuma tana shiga da madara. Ka duba ranar da aka soya a jikin leda, ba ranar lalacewa kawai ba, sati ɗaya zuwa wata ɗaya da suya shi ne daidai. Sayi giram 250, ka rufe ruf a inuwa, kar ka sa a firij don duk fitarwa sai ta yi gumi.

Tambaya daga Birnin Kebbi: Nawa injin wata shida ke nan, yanzu ruwan na fita a hankali, ruwan burtsatse nake zubawa.

Amsa: Hajiya ki leƙa cikin butar lantarkinki, in akwai farin ɓawo a ƙasa to shi ne ya taru a bututun injin. Ki samu maganin wanke shi da littafin injin ya ambata, ki tura shi ta ciki, sannan ki bi da tanki biyu na ruwa zalla. Daga nan ki koma ruwan gora, ki kuma jiƙa matatar a ruwan zafi ki ɗaga ta a haske ki ga ko ramukan sun buɗe. In duk da haka bai saki ba ki turo min sunan injin da lambarsa.