Taswirar Sanyi a Gonar Mangwaro

Tambaya: Malam, yaya ake gane inda sanyi zai ƙona mangwaro a arewacin Indiya?

Amsa: Ana tattara mafi ƙarancin zafin dararen Disamba da Janairu na shekaru da dama, a ɗora kan taswirar tudu da kwari. Iska mai sanyi nauyi gare ta, kwari take gangarawa a daren da babu gajimare. Fure da ƙananan 'ya'ya kan lalace ƙasa da digiri 4, sabon dashe kuwa kan mutu wajen digiri 2 ƙasa da sifiri. Babban kuskure shi ne dogaro da tashar yanayi mai nisa. A rataya ma'aunin zafi a kwarin gonar, daidai tsayin ƙirji, a duba da asuba.