Red Bull ta ƙetare iyakar kuɗi a 2021, me ya hana a ƙwace kambun Verstappen?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran babura ne a Mabera, nan cikin Sakkwato, galibin masu kawo mani aiki 'yan kabu-kabu ne. Mu huɗu muke haɗuwa ranar Lahadi mu kalli tseren motoci na Formula 1 a waya, don mai gidan kallon unguwarmu ba ya sa muna in ana ƙwallon Firimiya. Har yau gardamar 2021 ba ta mutu ba tsakaninmu. Abokina ya ce tun da anka kama Red Bull ta kashe kuɗi fiye da ƙa'ida a shekarar, kamata ya yi a amshe kambun Max Verstappen a ba Lewis Hamilton, kuma tarar da anka yi masu rufa ido ce. Ni kuwa ban ma gane wace doka ce ke hana mai kuɗi kashe kuɗinshi ba. Don Allah a warware muna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka gaida mini abokan kallon naka.

Abu biyu ne suka cakuɗe a gardamarku, sai mun raba su tukuna. Abin da ya fi ƙona ran masoya Hamilton ya faru ne ranar 12 ga Disamba 2021 a Abu Dhabi. Shi da Verstappen, direban ƙungiyar Red Bull, sun shiga tseren ƙarshe kunnen doki, kowa da maki 369.5. Hamilton na gaba, nasara ta kusa, sai Nicholas Latifi ya yi haɗari aka fito da motar tsaro, wadda ke shiga gaban masu tsere ta rage masu gudu har a share hanya. Daraktan tsere Michael Masi ya bar motoci biyar kacal da ke tsakanin mutanen biyu, cikin waɗanda aka riga aka yi wa zagaye, suka wuce, ya kuma sake tseren kafin lokacin da doka ta tsara, saura zagaye ɗaya. Verstappen na kan sabbin tayoyi masu laushi, Hamilton na kan tsofaffi, sai Verstappen ya wuce shi ya ɗauki kambu. An zalunci Hamilton a wannan dare, ban taɓa shakka ba. Amma laifin alƙali ne, ba na kuɗi ba. Hukumar FIA mai kula da dokokin gasar ta cire Masi a Fabrairun 2022, rahotonta ya kira abin kuskuren ɗan Adam, Mercedes kuma, ƙungiyar Hamilton a lokacin, da kanta ta janye ɗaukaka ƙara. Bakin alƙalami ya bushe a nan.

Maganar kuɗi daban ce, kuma ita ce tambayarka ta gaskiya.

Ka san a filin sukuwa, komai gwanintar mahayi, dokin da ya ƙoshi da dawa da harawa shi ke shiga gaba. Haka Formula 1 take, har ta fi. Kafin 2021 manyan ƙungiyoyi uku, Mercedes da Ferrari da Red Bull, kowace tana kashe abin da ya kai dala miliyan 400 ko fiye a shekara. Ƙanana ba sa kaiwa rabin haka, amma dole su bi sahu, sai su yi ta cin bashi har su durƙushe. HRT ta mutu a ƙarshen 2012, Caterham a 2014, Manor a farkon 2017. Force India ta faɗa hannun masu bin bashi a tsakiyar 2018. Iyalan Frank Williams, gidan da ya ci kambun ƙungiyoyi sau 9, sai da suka sayar da ƙungiyarsu a Agustan 2020. Shi ya sa aka yanke iyaka: kowa ga abin da zai kashe a kan motarsa a shekara, kada ya wuce. Da farko an tsayar da dala miliyan 175, annobar korona ta zo ta tsorata kowa, aka sauko da ita zuwa miliyan 145 a 2021, sannan 140 a 2022, sannan 135 a 2023, ana ɗan ƙarawa saboda tsadar kaya da yawan tsere. Daga 2026 ta koma miliyan 215, galibi don an shigo da abubuwan da a da ba a lissafa su a ciki.

To amma ba kowane kashi ke shiga lissafi ba, kuma nan rigima take. Albashin direbobi ba ya ciki. Albashin manyan jami'ai uku da suka fi kowa ɗauka ba ya ciki. Kuɗin talla da na tafiye-tafiye ba sa ciki. Abin da ke ciki shi ne ƙera mota, gwaje-gwaje, kayan gyara da albashin sauran ma'aikata. Kai da kake da shago ka san yadda lissafi ke rikicewa: shayin da ka saya wa yaran shago, kuɗin aiki ne ko kyauta ce daga aljihunka? Irin wannan tambayar ce akantocin ƙungiyoyi suke kwana a kai, sai dai tasu ta miliyoyi ce.

A Oktoban 2022 FIA ta bayyana cewa Red Bull ta wuce iyakar 2021 da fam miliyan 1.864, wato kashi 1.6 cikin ɗari. Cikin abubuwan da ta lissafa ba daidai ba har da kuɗin ciyar da ma'aikata. Hukumar ta ƙara da cewa da ƙungiyar ta shigar da wani rangwamen haraji na gwamnatin Birtaniya yadda ya kamata, da rarar ba ta wuce fam 432,652 ba, kuma ba ta ga alamar ha'inci ko ɓoye takardu ba. A dokar, duk abin da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba ƙaramin laifi ne. Aka ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma rage mata kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwajin iska (gwada yadda iska ke bin jikin mota) har tsawon shekara guda.

Ga amsar abokinka kai tsaye. Dokar ta yarda a zabge maki ko da a ƙaramin laifi, amma ta kuma buɗe wata ƙofa: ƙungiyar da ta amsa laifinta ta sa hannu a takardar sulhu, ba za a kai ta gaban kwamitin alƙalai ba. Kuma a ƙarƙashin sulhun nan an haramta abu biyu, zabge maki da rage iyakar kuɗin shekara mai zuwa. Red Bull ta bi ta wannan ƙofa. Daga ranar da ta sa hannu, babu wata hanya a doka da za a taɓa kambun Verstappen.

Shin rufa ido ne? Rabi da rabi. Tarar kuɗin ba komai ba ce, domin ba daga cikin iyakar ake cire ta ba, kamfanin ne ke biya daga wani aljihu, motar ba ta ji komai ba. Rage gwajin iska ne hukuncin da ke da haƙori. In kana cikin mota a hanyar Gusau ka fito da tafin hannu ta taga ka karkata shi, za ka ji iska na danna shi ƙasa. Haka ake ƙera jikin motar tsere, iska ta danna ta a kan kwalta don ta sha kwana da gudu ba tare da ta zame ba. Ana gwada wannan a wani zaure mai ƙatuwar fanka, a kan samfurin mota da bai wuce kashi 60 cikin ɗari na girmanta ba, kuma lokacin shiga zauren a ƙidaye yake. Zakara na samun kashi 70, na ƙarshe na samun 115, don na baya ya samu damar kamo na gaba. Red Bull ta sauka daga 70 zuwa 63. Shugabanta na lokacin, Christian Horner, ya yi kukan hukuncin ya yi tsanani, Zak Brown na McLaren kuwa ya rubuta wa FIA cewa wuce iyaka maguɗi ne. Sai ga shi a 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22. A ra'ayina abin da ya dace shi ne a cire abin da suka wuce da shi, ninki biyu ko uku, daga iyakarsu ta shekara mai zuwa. Wanda ya ci rabon gobe a yau, gobe ya kwana da yunwa. Ƙwace kambu kuwa ban goyi baya ba, don babu mai iya nuna cewa wannan rarar ce ta haifar da tazarar maki 8 da ta raba su.

Za ka ce me ya sa aka rubuta doka mai laushi haka. Wanzami ba ya son jarfa. A Formula 1 masu fafatawa suna zaune a teburin da ake rubuta doka. Ɓangare uku ne: FIA mai alƙalanci, ƙarƙashin Mohammed Ben Sulayem tun Disamban 2021, kamfanin Liberty Media na Amurka da ya sayi harkar kasuwancin gasar a 2017, sai ƙungiyoyin kansu, kowace da ƙuri'arta. Abin da ya ɗaure su shi ne yarjejeniyar Concorde, wadda aka fara ƙullawa a 1981, sunanta kuma daga dandalin da ofishin FIA yake a birnin Faris. Ita ke faɗin yadda za a raba kuɗin talabijin. Ferrari, da yake ita kaɗai ce take cikin gasar tun 1950 ba fashi, tana da kaso na musamman da ikon hawa kujerar naƙi a kan wasu dokoki. Manyan da suka yarda a ɗaure masu hannu a kan kashe kuɗi ba za su yarda a rataya masu wuƙa a wuya ba, domin kowannensu ya san gobe shi ma akantansa na iya kuskure.

Dubi abin da aka yi wa Michael Andretti, Ba'amurke tsohon direban tsere. FIA ta amince ya shigo da ƙungiya ta 11 a Oktoban 2023, masu harkar kasuwanci suka ƙi a Janairun 2024, galibin ƙungiyoyi kuma ba su ɓoye ƙyamarsu ba. Akushi ɗaya ne, hannu goma a ciki, babu mai son na sha ɗaya. Sai da kamfanin General Motors ya tsaya da sunan Cadillac, Michael Andretti ya ja gefe, ma'aikatar shari'ar Amurka ta fara bincike, sannan aka buɗe ƙofa don 2026. Kuɗin shiga da aka rubuta dala miliyan 200 ne, amma rahotanni sun ce sai da suka biya 450, aka raba wa tsofaffin ƙungiyoyi.

Duk da wannan siyasa ina tare da dokar iyaka, kuma da zuciya ɗaya. Tun da aka kafa ta babu ƙungiyar da ta mutu. McLaren da ta fara 2023 a can baya ta ɗauki kambun ƙungiyoyi a 2024, karon farko tun 1998, da injin da take saye a hannun Mercedes, ta kuma bar Mercedes ɗin a baya. Inda dokar ta fi ciwo shi ne ta tarar da manya sun riga sun gina masana'antunsu, ƙanana kuma an hana su kashewa su kamo. James Vowles da ya karɓi Williams a 2023 ya tarar ana bin diddigin sassan mota kusan 20,000 a shafin Excel guda, ya yi ta roƙo a sassauta. A Oktoban shekarar aka ƙara wa ƙungiyoyi huɗu na ƙasa dala miliyan 20 na gine-gine da kayan aiki. Williams da ta ƙare ta ƙarshe a 2022, a 2025 ta biyar ta zo.