Amsar Kawu kan kunyar ɗan fari

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce a jami'a an koya muku cewa mutum kamar ɗan wasan kwaikwayo yake, fuskarsa ta bainar jama'a daban, ta bayan fage daban. Sai kika tuna Ummanku: ba ta kiran sunan Yayanku, ba ta sakar masa fuska in da mutane, alhali Hajiya, mahaifiyarmu, ta mayar da shi abin tsokana. Kina tambaya ko wannan ba munafunci ba ne.

A'a. Munafuki ɓoye zuciyarsa yake yi don ya yaudari wani. Ummanku wa take yaudara? Ki lura ranar da Yayanku ya dawo daga tafiya. Zai durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a gajarce tana kallon gefe, ta tashi kamar wani aiki ya kira ta. Amma kwanon da ta rufe tun azahar, wanda ta hana kowa taɓawa, na wa ne? Ke za ta aika da shi, ta ce "kai wa wancan." Duk gidan sun san fassarar wannan, shi ma ya sani.

Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a wurin Fulani ta fi tsanani. Yarinya ce ta haihu a gaban iyayenta da surukanta, galibi ma gida ake mayar da ita ta yi wankan jego na kwana 40. In ta kama ɗoki da rawar kai a kan jaririn sai a ce ba ta da kara. To, ta ja baya, manya su shigo. Shi ya sa ɗan fari kan tashi a hannun kaka ko gwaggo bayan yaye. Haka in an sa wa yaro sunan uban miji, bakin suruka ba ya iya furta shi, sai a koma Abba ko Baba.

Abin da nake so ki gane shi ne al'ada ba ta bar yaron a bushe ba. Inda ta ɗaure nan, ta saki can. Uwa ta kame, kaka kuwa an ba ta lasisi: ta kira shi mijinta, ta ce ya tsufa bai kawo cefane ba, shi ma ya rama ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Haka taubasai, 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, wato ke da yarana. Har tsakanin al'ummu akwai shi: Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi. A Nijar sun riƙe wannan wasa da daraja, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Sau nawa faɗa ya mutu a tasha saboda an gano abokan wasa ne!

Saboda haka malaminku bai yi ƙarya ba, sai dai a wurinmu ba mutum ke zaɓar fuskar ba, dangantaka ce ke miƙa masa. Babanku a zaure maigida ne, a gaban Hajiya kuwa suruki ne, ko ruwa ba ya iya sha.

Ban ce ki ɗauki komai ba. A birni kunyar ɗan fari tana ja da baya, kuma inda ta kai uwa ta kasa tambayar ɗanta me ke damunsa, ni ban ga amfaninta ba. Ta surukai kam ki riƙe ta, tana kashe fitina tun ba ta tashi ba.

Ki gaida Ummanku. Muharram ya kusa, taubasanki sun fara lissafin kuɗin shara, ki shirya.